Ƙura, Zafi Da Hayaƙi: Halin Da Masu Ciwon Asma Ke Ciki A Fagge Da Sabon Gari

Kamar yadda aka sani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Kano. Ga masu ciwon asma da waɗanda jikinsu ba ya jituwa da ƙura, lokaci ne na atishawa, ƙaiƙayin ido da sarƙewar numfashi. Da hunturu ya wuce sai bazara ta kama, zafin Afrilu ya haura digiri 40. A nan ne magidanta, har daga ƙauyuka, ke tururuwa Kasuwar Sabon Gari neman fanka ko na'urar sanyaya ɗaki.

A ganinmu, kafin a taɓa aljihu, ɗakin ya kamata a fara dubawa. Gidajen haya da dama a waɗannan unguwanni a cunkushe suke: taga ɗaya, rufin kwano, janareta na ruri a tsakar gida. Idan sanyi ya tsananta sai a toshe tagar, a shigo da kaskon gawayi. An gudu daga ƙura ke nan, an faɗa hayaƙi. Gawayi da janareta na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma takan kashe mutum cikin barci. Bargo ya fi kasko aminci.

Fanka ba ta tace iska, juya ta kawai take yi. Don haka a riƙa goge fukafukanta da jiƙaƙƙen tsumma, a yayyafa ruwa kafin shara, a naɗe kafet a shimfiɗa leda. Na'urar sanyaya ɗaki tana taimakawa, amma sai ana wanke ragarta a kai a kai, musamman ta gwanjo. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuwa, ba kowa ke iya tayar mata da janareta ba. Fankar caji mai sola ta fi dacewa da talaka.

Mutanen karkara kada su yi gaggawar rushe soron ƙasa, domin ya fi ɗakin kwano sanyi da bazara, taga kawai yake buƙata. Muna kuma kira ga jami'an duba-gari da hukumar KNUPDA da su dage a kan tagogi biyu masu fuskantar juna a kowane sabon ɗakin kwana, tare da nisanta janareta daga inda mutane ke barci.