Tsakanin Tsohuwar Hayis Da Sabuwa: Wacce Ta Fi Amfani Ga Ɗan Kasuwa?

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwa fatake masu zirga-zirga tsakanin kasuwannin kan iyaka da Kasuwar Libiya ta Umdurman, yau ina so mu tattauna a kan motar nan Toyota HiAce, wadda mutanen Sudan ke kira Hayis, a Nijeriya kuma ake ce wa Homa. Ga ɗan kasuwa matafiyi, wannan mota ita ce shagonsa, ita ce ma'ajiyar kayansa, sau da yawa kuma ita ce ɗakin kwanansa idan dare ya riske shi a hanya. Don haka zaɓenta ba abin wasa ba ne, domin kuwa jarin mutum kacokan kan tafi a kanta.

Tun a shekarar 1967 kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera Hayis. Wadda muka fi sabawa da ita, mai lamba H200, ta fito a 2004. Daga baya, a watan Fabrairu na 2019, aka ƙaddamar da sabuwa mai lamba H300 a ƙasar Filifin. Babban bambancinsu shi ne mazaunin inji. Injin tsohuwar yana ƙarƙashin kujerun gaba, direba na zaune a kansa, ita kuwa sabuwar an fitar mata da hanci, aka mayar da injin can gaba.

Mu fara da batun lodi, tunda shi ne abincin ɗan kasuwa. Ƙaramar tsohuwar tsawonta mita 4.7 ne, faɗinta mita 1.7, amma wurin zuba kaya ya kai wajen mita 3. Ƙaramar sabuwar ta kusa mita 5.3 a tsawo, faɗinta mita 1.95, sai dai wurin kayanta bai wuce mita biyu da rabi ba sai kaɗan. Wato mota ta ƙara jiki, hanci ya cinye ƙarin. Gaskiya ne faɗin da ta samu ya maye wani abu, kwali da dila suna zama da kyau tsakanin tayoyin baya. Amma mai ɗaukar dogon kaya, ko wanda ke son shimfiɗa katifa ya bar buhuna a gefen ƙafarsa, tsohuwar ta fi yi masa adalci. Haka nan duk wanda ya san cunkoson lungunan kasuwar Umdurman ya san cewa siririyar mota ta fi saurin kutsawa.

Sai batun inji da mai. Sabuwar tana zuwa da injin gas mai lita 2.8 ko na fetur mai lita 3.5. Injin gas ɗin yana da ƙarfi ƙwarai, amma kwamfuta ce ke sarrafa shi, kuma nozul ɗinsa ba ya jure mai mai datti ko mai ruwa. To a nan ne gizo ke saƙar. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, harkar mai ta rikice, matatar Jaili da ke arewa da Khartoum ta yi mummunar gobara a Janairun 2025, matafiyi kuma sau da yawa man jarka yake saye a bakin hanya. Tsohuwar, musamman mai injin 5L na lita 3, ba ta da gudu sosai, amma tana da haƙuri. Bakaniken ƙauye ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Kayan gyaranta kuwa birjik, domin har yanzu ana ƙera ta don kasuwar Japan, kamfanonin Sin irin su Jinbei da King Long ma sun fitar da motoci masu kama da ita. Idan sabuwar ta kunna jar fitila a daji, sai an nemo mai na'urar duba kwamfuta, kayanka na zaune, rana na dukansu.

Kada fa a ɗauka sabuwar ba ta da abin yabo. Tana da shi, kuma babba ne: kariyar rai. A tsohuwar, tsakanin gwiwar direba da abin da ya kara da shi ƙarfe ne ɗan siriri. A sabuwar, hancin nan shi ke fara shan duka, shi ya sa a 2019 hukumar gwajin haɗari ta Ostireliya ta ba ta taurari biyar. Bayan haka, wanda ya taɓa tuƙi a zafin Khartoum na watan Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san wahalar zama a kan inji mai huci. Sabuwar ta raba direba da wannan azaba, kuma ana duba mai da ruwa ba tare da an ta da fasinja an ɗaga kujera ba.

To wacce za a saya? A ganina, hanyarka ita ce alƙali. Mai jigila a kan kwalta tsakanin Fot Sudan da Atbara da Khartoum, wanda ke shan mai a gidan mai kuma yake da halin gyara, ya sayi sabuwa, ransa da na fasinjansa sun fi kuɗi. Amma mai bin hanyar rairayi da burji, mai kwana a mota, mai ƙaramin jari, ya riƙe tsohuwarsa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ya rage gudu, ya daina lodin wuce ƙima, ya ɗaura bel.

Gargaɗi na ƙarshe ya fi duk waɗannan muhimmanci. An wawashe motoci masu ɗimbin yawa a Khartoum da Umdurman a lokacin yaƙin nan, aka tsallaka da wasu ƙasashen maƙwabta. Tun da sojoji suka karɓe Khartoum a Maris na 2025, masu komawa gida suna ta cigiyar dukiyarsu. Saboda haka duk Hayis da aka tallata maka a bakin iyaka da farashin ban mamaki, tsohuwa ce ko sabuwa, ka duba lambar jiki da ta inji, ka gwada su da takardu, ka nemi shaidu. Araha ba ta ado, kuma Bahaushe ya daɗe yana cin abinci a Sudan da sunan amana, bai kamata mota ɗaya ta zubar mana da wannan mutunci ba.