A Daina Yi Wa Dabinon Ado Feshi Da Ka

A manyan gidajen Abuja da harabar otal-otal na Kano, da zarar ɗigon rawaya ko baƙi ya bayyana a ganyen dabino ko kwakwar ado, abu biyu ake yi: a aika a sayo maganin feshi, sannan a sa mai lambu ya hau da adda ya sare duk ganyen da ya sauya launi. Sau da yawa dukansu ɓarna ce, kuma mai shagon da ke miƙa kwalba ba tare da ya tambayi komai ba yana da kasonsa na laifin.

Kafin a kashe ko kwabo, a ɗaga ganyen a duba shi ta hasken rana. Idan ɗigon rawaya ne ko ruwan lemo, haske na ratsa shi, kuma a tsofaffin ganyen ƙasa yake, to yunwar sinadarin fotash ce, wadda ta yawaita a ƙasa mai yashi inda ruwa ke wanke abincin shuka. Babu feshin da ke maganin yunwa. Sara kuwa ya fi muni, domin itaciyar tana janye fotash daga tsohon ganye ta ciyar da sabo. Wanda ya sare shi ya fasa mata rumbu, sai ta koma cin ganyen sama har yunwar ta kai ga tsiron tsakiya. Tsiron nan ɗaya tak gare ta. In ya mutu, ta mutu. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Masana a Jami'ar Florida ta Amurka sun daɗe suna ba da shawarar taki mai ma'aunin 8-2-12 da ƙarin magniziyam, mai narkewa a hankali. Takin ciyawa mai yawan nitirojin ƙara tsananta yunwar yake yi.

Akwai tabon da fumfuna ke haddasawa, wannan gaskiya ne. Shi yakan zo ruwan ƙasa ko baƙi, sau da yawa da zoben rawaya kewaye da shi. A dabino akwai Graphiola, mai fitar da ƙananan ƙuraje baƙaƙe masu kaushi, wanda muninsa ya fi cutarwarsa yawa. Amma fumfuna ba ta kama ganye sai ya daɗe a jiƙe, kuma bayan damina mu ne ke jiƙa shi, da ban ruwa ta sama da yamma da cunkusa tukwane wuri guda. Maganin feshi mai jan ƙarfe yana kare lafiyayyen ganye ne kawai, tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa.

Saboda haka a zuba ruwa a gindi, da safe. A ba tukwane tazara iska ta ratsa. Kada a sare ganye sai ya bushe ƙayau. Mai shagon da bai nemi ganin ganyen ba, a bar masa kwalbarsa.