Ruwan Wa Ciyawar Ke Sha?

Wanda duk Allah ya hore wa abin hannu ya tafi hutu kudancin ƙasar Fotugal, lardin nan da a ke kira Algarve, abin da zai fara ɗaukar idonsa tun jirgi bai sauka a Faro ba shi ne launi biyu da ke kwance kusa da juna. Ga ƙasa ja, busasshiya, da 'yan itatuwan zaitun da ɓaure jefi-jefi. Ga kuma wasu shimfiɗu kore shar a bakin teku, kamar an zuba musu shuni. Waɗannan su ne filayen wasan golf, wanda mutanenmu ke kira ƙwallon lambu. Akwai wajen 40 a wannan lardi kaɗai.

Wanda ya ce wurin ba shi da kyau bai faɗi gaskiya ba. Baƙo ya kan fito da sassafe rana tana haske, iskar teku tana kaɗawa, ya bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, tafiyar awa huɗu ko fiye, ba hayaniya ba ƙura. A Vale do Lobo akwai wani rami da a ke bugo ƙwallo ta tsallake jajayen gaɓoɓi masu tsawo, teku na ƙasa yana dukansu, hoton wurin nan kuwa ya zaga duniya. Masu tallan hutu su kan yi alfahari da cewa suna da rana kwana 300 a shekara. To, a nan fa maganarmu ta ke. Ƙasar da ke da rana kwana 300, da me ta ke shayar da ciyawa?

Ruwan saman da gaɓar Algarve ke samu a shekara wajen milimita 500 ne, watau bai kai na Kano ba. Kuma nasu lokacin sanyi ya ke sauka. Daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da zafi ya fi tsanani, da ƙyar a ke ganin ɗigo. Mutanen da suka san darajar ruwa a wannan ƙasa tun da daɗewa. Sunan lardin ma daga Larabci ya fito, al-Garbu, watau yamma, gama Musulmin Andalus sun mallake shi ƙarni biyar kafin Sarkin Fotugal Afonso na Uku ya ci Faro a 1249. Har yanzu a kan ga tsofaffin rijiyoyi masu gargare da jerin guga, irin waɗanda jaki ko alfadari ke juyawa, sunansu a bakin mutanen wurin ma daga Larabci aka aro shi. Manomin da ke jan ruwa da jaki ba ya shuka abin da ya fi ƙarfin jakinsa. Shi ya sa amfanin ƙasar ya kasance zaitun da ɓaure da lauz, masu jure ƙishirwa.

Al'amari ya sake ne bayan an buɗe filin jirgin sama na Faro a 1965. Shekara guda bayan haka, a 1966, wani Baturen Ingila gwanin wasan, Henry Cotton, wanda ya ci babbar gasar Ingila sau uku, ya shirya fili a Penina kusa da Portimão, a wurin da da can gonar shinkafa ce. Vilamoura ta biyo baya a 1969, sauran kuma suka yi ta tsirowa kamar naman kaza.

Bari mu yi lissafi irin wanda malamin makaranta zai iya ba 'yan aji. Bisa ga ƙididdigar hukumomin ƙasar, filayen nan gaba ɗaya suna shan ruwa wajen lita miliyan dubu 15 a shekara. In an raba wa filaye 40, kowane ya tashi da wajen lita miliyan 375. Garwar ga-ruwa tana cin lita 18. Ashe ke nan fili guda yana shanye garwa fiye da miliyan 20 a shekara, watau wajen garwa dubu 57 kowace rana ta Allah. Wanda ya taɓa tsayawa layi a bakin famfo da asuba ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Amma fa adalci ya wajaba. Masu filayen suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Su kan ce duk ruwan da su ke sha bai wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 na abin da lardin ke amfani da shi ba, alhali kuwa noma ya kwashe fiye da rabi, musamman lambunan lemo da sababbin gonakin fiya da aka yi ta dasawa, itacen da ba ya ƙoshi da ruwa. Su kan ce tsofaffin bututun garuruwa suna yoyo, ba wanda ya damu. Su kan kuma ce masu wasan nan suna zuwa ne a watannin Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da masu wankan teku suka watse, don haka kuku da direba da mai wanki da mai shara ba a sallamarsu da zarar zafi ya wuce. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ko ɗaya ba. Ba mu kuma cikin masu cewa a rufe filayen, gama rufe su zai fi cutar talakan da ke aiki a ciki bisa ga attajirin da zai ɗauki jakarsa ya koma wata ƙasa.

Abin da mu ke cewa shi ne, akwai bambanci tsakanin ruwan da aka sha, da ruwan da ya zama abinci, da ruwan da ya zama launi. In aka jera su a bakin rijiya, na ukun nan shi ya kamata ya tsaya a ƙarshen layi. Ƙanƙantar kasonsa ba ta ba shi ikon shiga gaba ba.

Ga kuma inda abin ya fi muni. Yawancin filayen daga ƙarƙashin ƙasa su ke jan ruwansu ta rijiyoyin burtsatse. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na bakin teku kuwa yana da wani hali. Ruwan daɗi da ke gangarowa daga tudu shi ke tokare ruwan gishiri ya hana shi shigowa. In aka ja na daɗin fiye da abin da damina ke mayarwa, sai na gishirin ya kutso ya maye gurbinsa, rijiyar da ta yi gishiri kuwa ba ta warkewa a shekara ɗaya ko biyu. Hukumomi sun riga sun sa ruwan ƙasa na yankin Vale do Lobo cikin waɗanda halinsu ya tsananta. Baƙon da ya buga ƙwallonsa mako guda ba zai ɗanɗana wannan gishiri ba. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Mai lambun da ke maƙwabtaka da filin shi zai ɗanɗana.

A watan Janairu na 2024, bayan fari na shekaru, madatsun ruwan lardin suka ragu zuwa wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Gwamnati ta yanke wa manoma kashi 25 cikin 100 na ruwansu, garuruwa da masaukan baƙi kashi 15. Da ruwa ya sauka aka sassauta, a 2025 kuma aka yi damina mai albarka, madatsun suka cika. Muna tsoron wannan cikar fiye da yadda mu ke tsoron farin, don ɗan Adam da ya ga randa ta cika sai ya manta da ranar da ya kankare gindinta.

Magani kuwa ba a ɓoye ya ke ba. Duk garin da ke cike da baƙi yana fitar da ruwan wanka da na wanki da na bayan gida mai yawa, a kan tace shi a zubar a teku. Wannan ruwa ciyawa ba ta ƙyamarsa. A maƙwabciyar ƙasa Sifen, Gwamnatin lardin Andalus ta yi doka a 2008 cewa filayen wasan nan da tataccen ruwa za a shayar da su, kuma da yawa daga filayen gaɓar Malaga da shi su ke sha. A Algarve kuwa, har farin nan ya zo, 'yan kaɗan ne suka kama wannan hanya. Dalili? Jan bututu daga matatar ruwa zuwa fili kuɗi ne, haƙa rijiya kuwa araha. Muddin akawun da ke rubuta takardar izinin rijiya bai tambayi nisan matata ba, muddin kuma ba a sa wa kowace rijiya ma'auni wanda wani ke zuwa ya karanta ba, mai fili zai zaɓi araha, mu ma da mu ne haka za mu yi.

Saura laifin ido. Mai fili yana zuba ruwa ne don baƙo ya biya kuɗin kore, in ya ga rawaya sai ya ce an cuce shi. Alhali wasan nan asalinsa ba kore ba ne. A gaɓar Sikotlan aka haife shi, a kan tudun rairayi tsakanin teku da gonaki, ƙasar da ba ta nomuwa, sai tumaki da zomaye ke kiwo a kai. Tsohon filin garin Sant Andurus na mutanen gari ne, akwai takardar 1552 da ta tabbatar musu da ikon wasa a kai, har yanzu kuwa ran Lahadi a kan dakatar da wasa jama'a su yi yawo a ciki. A 2006 aka yi babbar gasar Ingila a Hoylake, ciyawa ta bushe ta yi ja kamar ƙaiƙayi, Tiger Woods ya ci, ba wanda ya ce wasan ya lalace. Haka aka sake gani a Carnoustie a 2018. Gwanaye ma sun ce busasshiyar ƙasa ta fi gwada basira, don ƙwallo tana gudu a kanta, sai mai lissafi ke iya tsayar da ita.

Dattawanmu da suka yi aiki zamanin En'e za su tuna filayen Turawa na Kano da Kaduna da Jos. Ba a shuka ciyawa a bakin rami, yashi a ke cakuɗawa da mai a daddaɓe, yaro ya ja buhu ya share sawu bayan kowane bugu. Ba mu ce a koma zuba mai a ƙasa ba, wannan ma ɓarna ce. Mun kawo shi ne don a san an yi shekaru ana wasan nan da nishaɗi ba tare da an shayar da eka ɗari ba. Abin dariya ma, ciyawar da masana ke ba filayen ƙasashen zafi shawarar shukawa, wadda Turawa ke kira Bermuda, ita ce ƙirƙirin nan da manominmu ke yaƙi da ita da fartanya. Tana jure zafi, in sanyi ya zo ta yi fari ta kwanta, in ɗumi ya dawo ta farfaɗo. Sai dai wasu filayen su kan barbaɗa mata irin wata ciyawa mai son ruwa a lokacin sanyi, don kada baƙo ya ga farin.

Yanzu Gwamnatin Fotugal ta ɗauki niyyar gina ma'aikatar cire gishiri daga ruwan teku kusa da Albufeira, an ba da kwangilar a 2024 a kan kuɗi fiye da Yuro miliyan 100. An ce ruwan na sha ne, domin garuruwa. Abin da za ta riƙa fitarwa da farko lita miliyan dubu 16 ne a shekara, watau kusan daidai da abin da filayen 40 ke sha. Ruwan teku da aka tace ya fi kowane ruwa tsada, sabo da wutar lantarkin da ya ke ci. In mai fili ya ci gaba da jan na rijiya da araha, uwargidan Faro kuma aka kawo mata takardar kuɗin na teku, muna so majalisun garuruwan nan su bayyana wa jama'arsu a fili yadda aka yi wannan rabo, da kuma wanda ya sa hannu a kai.