Jaririn da ya kasa numfashi ba ya jiran ranar suna



Akwai wata larurar jarirai da ba a cika jin sunanta ba, wato hawan jinin huhu. Jariri a ciki ba ya numfashi da huhunsa, mabiyiya ce ke ba shi iskar oksijin. Da ya faɗo ya yi kukan farko, jijiyoyin jinin huhun sai su buɗe. A wasu jariran, kimanin 2 cikin 1,000, jijiyoyin ba sa sakewa. Doguwar naƙuda, shaƙar kashin farko tun a ciki, da kamuwa da ƙwayoyin cuta suna cikin abubuwan da ke jawo haka.

A Amurka, tun 1999 aka amince a riƙa shaƙa wa irin waɗannan jarirai iskar naitirik okzayid, amma tana da tsada kuma sai da na'urori na musamman. A 2004 masana a Jami'ar Loma Linda da abokan aikinsu suka gwada shaƙa wa jinjirayen tumaki feshin sinadarin naitirayit mai araha, kuma hawan jinin ya sauka. Sai dai gwaji ne a kan dabbobi. Naitirayit guba ne idan ya yi yawa, yana hana jini ɗaukar oksijin, don haka kada kowa ya kuskura ya gwada shi.

A ganina, bai kamata mu zauna jiran sabon magani ba alhali na hannu bai kai ƙauyukanmu ba. Da yawa cikin jariran nan oksijin da kulawar gaggawa suke fara buƙata. Idan jariri yana numfashi da sauri fiye da sau 60 a minti, yana nishi, haƙarƙarinsa na lomawa, leɓe da harshe sun yi duhu, ko ya ƙi kama nono, a wuce asibiti nan take. Ba lokacin turare ba ne, ba na jiƙo ba, ba na kiran wanzami ba.

Allah Ya ba mu babban asibitin tarayya a Azare, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Amma mai haihuwa a Chinade, Madara ko Gamawa fa? Nan ne aikin ƙungiya yake. Mu yi karo-karo mu saya wa ƙananan asibitocinmu na'urar auna oksijin ta jarirai, da injin tace oksijin mai aiki da sola. Kowace unguwa ta san motar da za a kira da tsakar dare. Magidanta kuma su bar izinin tafiya asibiti tun kafin naƙuda ta zo.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya. Amin.