Kafin Mai Fenti Ya Taɓa Tagarki

Damina ta wuce, katakon tagogi ya sha ruwa, fentin waje ya fara ɓarewa, maigida kuma ya ce a kira mai fenti. Kafin ya iso, ki ba ni aron kunnenki.

Fenti ba ya kama katako mai datti ko mai laima, don haka dole a kankare tsohon a goge da samfefa. A nan ne hankalina yake tashi a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Wasu fentin mai, musamman tsofaffi, suna ɗauke da dalma, kuma ido ba ya iya bambancewa. Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma an ci gaba da sayar da shi a ƙasashe da dama. Idan aka goge shi a bushe, ƙurar za ta sauka a tsakar gida, mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana jawo ƙarancin jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ce tana da illa. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ƙurar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba, duk da cewa ta can daga dutsen zinare ta fito.

Ga abin da za ki tsaya a kai:

A fitar da yara da mai juna biyu. A rufe tagar, a kawar da kwanuka da randa, a shimfiɗa leda a ƙasa.

A yayyafa ruwa kafin a kankare, a jiƙa samfefar. Kada a yarda a ƙona tsohon fenti da wuta.

Inda gara ta ci ko katakon ya ruɓe, kafinta ya sauya shi. A cike tsagewa, a bar katakon ya bushe sarai, sannan a shafa fentin farko kafin mai launi. A nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma a jikinsa.

In an gama, a naɗe ledar da ɓawon a ciki, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Tsintsiya tayar da ƙurar kawai za ta yi. A wanke hannun yara da sabulu kafin su ci abinci.

Mai fenti zai iya cewa kin cika tsanani. Ki bar shi ya faɗa. Shi zai karɓi kuɗinsa ya tafi, yaranki ne za su ci gaba da wasa a ƙarƙashin tagar.