RA'AYINMU: Ƙwayar dalma da makomar yaran Zango

Duk ɗan kasuwa ya san darajar sikeli mai gaskiya. To, a yau masana kimiyya suna can suna ƙera sikelin da ido bai taɓa ganin irinsa ba. A shekarar 2023, masu bincike a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka tsayar da wata 'yar ƙwayar dalma da kuza, mai kaurin silin gashi, a sarari ba tare da komai ya taɓa ta ba. Sun sanyaya ta ne zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi ƙarfen yakan bar lantarki ya ratsa shi babu cikas, ya kuma ture ƙarfin maganaɗisu, sai ya yi lilo a sarari. Tunda babu abin da ke taɓa ƙwayar, komai ƙanƙantar motsinta ana iya auna shi. Burinsu shi ne su gano ko dokokin kwantum, masu mulkin ƙwayar zarra, suna aiki a kan abu mai nauyi.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da goro a Aflao ko Paga? Da ruwansa. Wayar salular da ke aljihunsa 'yar wannan ilimi ce, haka ma na'urar MRI da ake ɗaukar hoton maras lafiya da ita a asibitin Korle Bu. Bugu da ƙari, Gana ce ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin da ya sa aka ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum.

Abin tambaya shi ne, ina yaran Nima da Mamobi a wannan tafiya? Jami'ar Legon da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Kwabenya duk suna nan kusa da su. Tun 2017 aka mai da karatun babbar sakandare kyauta, amma har yanzu wasu iyaye suna cire yaro mai ƙwaƙwalwa daga aji domin ya tsare shago.

Saboda haka muna kira ga attajiranmu da sarakunan Zango da limamai su haɗa gwiwa su ɗauki nauyin malaman lissafi da kayan gwaji a makarantun unguwa. Asusun Raya Zango ma ya tuna cewa bayan kwata da titi akwai ɗakin gwaji. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa mu dace.