Kafin ki kama hayar shago, ki fara neman hayar kicin

Duk mai bin sitatus ɗin WhatsApp a 'yan shekarun nan ya san kusan babu ajin jami'a da ba a samun mai sayar da abinci a ciki. Wannan samosa da sifirin rol, waccan kek da cincin, ga maza ma sun shigo da shawarma da gashin kaza. Sana'a ce da ta rufa wa da yawa asiri, wasu da ita suke biyan kuɗin rajista. Sai dai akwai wata rana da ke jiran duk mai wannan harka: ranar da za a kira ta a ce ana son robar abinci 300 ranar Asabar, ƙarfe biyu daidai. A ranar kicin ɗin gida ke nuna iyakarsa. Kan gas biyu ne kawai, oben ɗin tire ɗaya yake ci, firji cike yake da miyar gida, ƙanne na shiga suna fita da hannu a baki, ga Mama tsaye tana jiran a sauke ta ɗora tuwon dare.

Daga nan sai tunani ya tafi wuri ɗaya: in kama shago, in sa allon suna, in ɗauki bidiyo a bakin ƙofa ana yanka zare. Ni dai a ganina, ga mafi yawanmu wannan tsalle ne da ya fi ƙarfin ƙafa. Akwai matakala ɗaya a tsakani da muke tsallakewa, ita ce hayar kicin na awoyi ko na yini.

Mu duba abin da shago ke ci kafin a soya ko fanke ɗaya. Mai gida zai ce a biya shekara gaba ɗaya, wani ma shekara biyu. Dillali na jiran la'adarsa. Sai gyara, tayil, famfo, mita, sannan oben babba, firiza, jannareto ko sola. Jarin da aka tara da kyar, wataƙila har da kuɗin adashi da na sayar da ɗan kunne, duk ya shige bango. Ita kuwa sana'ar abincin biki ba kullum take ci ba. Tana tashi a Disamba, da bayan Sallah, da azumi in an samu odar buɗa-baki. Daga Litinin zuwa Laraba sau da yawa waya shiru. Haya kuwa ba ta san shiru ba, tana tafiya ko an kunna wuta ko ba a kunna ba.

Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa gane hayar kayan aiki. Wace mai ƙosai ce ta sayi injin markaɗe kafin ta fara sana'a? Ta wanke wakenta, ta ba yaro ya kai inji, ta biya kuɗin kwano ɗaya ko biyu. In biki ya tashi, hayar rumfa muke yi, da kujeru, da manyan tukwane, a gama a mayar. Iyayenmu ma sun san kai tiren kek gidan burodi a gasa musu gab da Sallah. To don me in aka zo kan kicin sai mu ce dole sai namu na kanmu?

Za ki ce ina kicin ɗin yake? Gaskiya ne, a Amurka da Ingila akwai wuraren da aka gina don wannan kawai, ka biya awa uku ka yi aikinka ka share ka tafi, kuma a Legas akwai masu girki a kicin da ba shi da wurin zaman kwastoma, sai dai mai babur ya ɗauka ya kai. A Kano ko Kaduna ko Zariya ba lallai ki ga allo an rubuta haka ba. Amma kicin ɗin na nan, yana zaune ba aiki. Gidan burodi yana da awoyin da oben ke hutawa. Wuraren biki da yawa suna da kicin a baya wanda ba a buɗe shi sai ƙarshen mako. Makarantun kwana masu zaman kansu suna rufe nasu duk tsawon hutu. Gidajen abinci kuma da rana a azumi, ƙuda ma ba ya leƙa wasunsu. Magana ce ta a je a sallama, a zauna, a yi ciniki.

Na san amsar da za ta biyo baya: ai a gida kyauta nake yi. A nan ne nake son mu daɗe kaɗan, don wallahi kicin ɗin Mama ba kyauta ba ne, wani ne kawai ke biya a madadinki. Silindar gas ɗin da ke ƙarewa kafin lokacinta, Baba ne ke cikawa. Katin mita, shi ne. Ruwan da ake saye a kura, omo, soso, har ƙanwarki da ta kwana tana naɗe samosa ba ko sisi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ɗan sahu da na jannareto suka haura sama, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Duk wannan yana cikin samosarki, ba ki dai sa shi a farashi ba. Shi ya sa za ki ga yarinya tana ta oda, kowa na yi mata barka, amma ƙarshen wata ba ta iya sayen buhun fulawa ba tare da rance ba. Ranar da kika fara biyan hayar kicin daga aljihunki, ranar za ki san ainihin kuɗin abin da kike sayarwa.

Lissafin ba shi da wuya. Mu ɗauka, a misali kawai, an ce miki naira 15,000 a yini. In roba 300 za ki fitar, naira 50 ce ta hau kan kowace, kwastoma ba zai ma ji ba. In roba 30 ce, naira 500 ke nan a kan kowace, kin ga zama a gida ya fi. Don haka ba cewa nake kowa ta tattara ta bar gida ba. Mai ƙaramar oda ta ci gaba a inda take, ta dai riƙa ware wa gidan kuɗin gas. Ku uku ko huɗu kuma kuna iya haɗa kuɗi ku raba yinin, mai kek da safe, mai shinkafa da rana.

Sai batun hukuma. Duk mai son cincin ɗinta ko yajinta ko zoɓon gora ya hau kantar babban kanti, sai da lambar NAFDAC, su kuma sai sun zo sun ga inda ake yin abin, kuma wurin da aka keɓe don aikin suke son gani. Dafaffen abinci kuwa hurumin duba-gari ne, da gwajin lafiya na masu taɓa abinci. Kamfani ko ma'aikatar da za ta ba ki babbar oda za ta iya tambayar rajistar CAC, wata ma ta ce za ta turo a ga kicin. Tsakar gida da igiyar shanya ba za ta taimake ki a ranar ba.

Hayar ma tana da nata ciwon kan, kar mu yaudari juna. Kada ki yarda da "ba komai, ai mun zama ɗaya". A rubuta, ko a fallen takarda ɗaya ne, da shaida: ƙarfe nawa za ki shiga, ƙarfe nawa za ki fita, gas na wa, in an ɗauke wuta wa zai zuba mai a jannareto, in oben ya lalace a hannunki yaya za a yi. Ki tambayi me ake dafawa a tukwanen in ba kya nan, musamman a garuruwan da ake cakuɗe, don kwastomanki ya ba ki amanar abin da zai sa a cikinsa. Ki haɗo sirrin kayan ƙamshinki tun daga gida, kada ki auna a gaban kowa. Ki kuma duba tiyon gas da idonki kafin ki kunna ashana.

Akwai kuma iyaye, ko maigida ga masu aure. Ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta je bayan gidan burodi ƙarfe huɗu na asuba ba, kuma ban ga laifinsa ba. A kai shi ya ga wurin, ya gaisa da mai shi, a zaɓi awoyin rana, a tafi da ƙani ko abokiyar sana'a.

In kina hangen odar Disamba, yanzu ne lokacin zuwa a yi magana, ba a fafe gora ranar tafiya. A makon biki mai wurin ma yana buƙatar kicin ɗinsa, kuma farashin da zai faɗa miki a ranar Alhamis da yamma, kina tsaye da kaji 40 a buhu, ba shi ne wanda zai faɗa a watan Oktoba ba.